Wasiƙa Zuwa Ga Abba, Kan Takardar Gwajin Jininka da Minsharin da Na Ji a Soro

Zariya,
daren Laraba.

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Ya aiki, ya jikokina? Mu nan kowa lafiya, sai Hajiyarku da gwiwarta ta ɗan motsa saboda sanyin nan, amma da sauƙi, tana gaishe ku.

Hoton takardar gwajin jininka ya shigo wayata ƙarfe biyu da kwata na dare, ni kuma sai bayan sallar asuba na gani. A ƙarƙashinsa akwai saƙon da ka rubuta ka goge, sannan wani da ka ce ka karanta cewa minshari ne ke kawo hawan ƙwayoyin jinin da ka zagaye, don haka kada in damu. Ban kira ka ba, domin na san abin da za ka ce: "Ba komai Baba, dama na turo ne ka gani." Wanda ba komai a ransa ba ya tura takardar asibiti a tsakar dare. Saƙon da ka goge ma na san abin da ke cikinsa, tunda ni ma sunan Baffanku, da ya rasu da ciwon dajin hanji, ne ya fara faɗo mini a rai. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai gabansa ya faɗi. Shi ya sa na zauna na rubuta da hannuna, autarmu za ta buga maka a waya, ka karanta a natse, ka kuma ba matarka ta karanta.

Ka san shekara talatin da ɗoriya na yi a ɗakin gwajin jini kafin in ajiye aiki. Waɗannan ƙwayoyin da ka zagaye da jan biro, masu daskarar da jini idan an ji rauni, waɗanda muke kira filatilet, da idona na riƙa ƙirga su kafin injuna su zo. Sai mu ɗebi jini mu tsarma shi, mu ɗiga a kan wani ɗan gilashi mai zanen layuka kamar gidan dara, mu kife shi a faranti tare da jiƙaƙƙiyar auduga na minti 20 don su kwanta, sannan a duƙa a kan madubin likita ana ƙirgawa. Ƙanana ne ƙwarai, suna ɗan ƙyalli kamar an watsa tsaki a kan baƙar tabarma. Ƙura kaɗan ta shiga, sai ka ƙirga ta a cikinsu ba ka sani ba. Tun a lokacin na koyi cewa lamba ɗaya ba ta isa a yanke hukunci a kanta ba, sai an maimaita, an kuma dubi mai jinin.

A ɓargo ake yin su, kuma ba sa daɗewa, kwana 7 zuwa 10 sun ƙare an yi sababbi. Hanta ce ke fitar da sinadarin da ke ba ɓargo umarnin ya ƙara ko ya rage, saifa kuma tana ajiye kusan kashi ɗaya cikin uku nasu. Adadin da aka saba gani ga mai lafiya shi ne 150 zuwa 450 a takarda, wato 150,000 zuwa 450,000 a ɗigon jinin da bai wuce kan allura ba. Naka bara 438, wata shida da suka wuce 476, yanzu 512. To, ya haura, kuma hawa yake yi sannu a hankali, wannan ba zan ɓoye maka ba. Amma 512 ba adadin da ake ruga wa asibiti da dare ba ne. Na sha ganin 700 da 800 a jinin mai ciwon haƙarƙari ko wanda aka yi wa aiki, bayan 'yan makonni a dawo a tarar ya sauka da kansa.

Ruwa dai ba ya tsami banza. A mafi yawan mutanen da ƙwayoyin nan suka yi musu yawa, kamar takwas ko tara cikin goma, ɓargon lafiyarsa ƙalau, amsa kira kawai yake yi. Wani abu ne a jiki ke kiransa: ƙwayar cuta, kumburi, tarin fuka, zubar jini, rauni, ƙarancin sinadarin ƙarfe, ko rashin saifa, kamar wanda aka cire wa ita ko mai sikila da tasa ta daina aiki. Ciwon daji ma yana cikin masu kiran. Zazzaɓin cizon sauro kuwa, wanda muke ɗora wa komai a ƙasar nan, yawanci rage su yake yi, saboda haka kada wani mai kemis ya ce maka maleriya ce ya haɗa maka allura uku.

Abin da ya fi tsaya mini a takardarka ma ba inda ka zagaye ba ne. Ka duba sama kaɗan. Ƙarfin jininka 12.4 ne, alhali namiji ana so ya kai 13. A layin da aka rubuta MCV kuma, wanda ke nuna girman jajayen ƙwayoyin jini, an sa 76, ana so ya kai 80. Jajayen ƙwayoyinka sun ƙanƙance ke nan, kuma abin da ya fi kawo haka shi ne ƙarancin sinadarin ƙarfe, wanda shi kansa sananne ne wajen ɗaga filatilet. Har ma injin yakan yi kuskure, idan jajayen sun yi ƙanana sosai ko sun farfashe, ya ƙirga wasu a matsayin filatilet. Don haka ka roƙi a shafa jinin a gilashi, mutum ya duba da idonsa. Aikin da bai kai rabin awa ba ne, amma yanzu sai ka nema ake yi maka.

Kada ka ji na ce ƙarancin ƙarfe ka saki jiki, tsugune ba ta ƙare ba. Mace mai al'ada ko mai ciki, an san inda nata ke tafiya. Kai namiji ne ɗan shekara 44, kana cin nama, ba ka rasa abinci ba. Idan ƙarfenka ya yi ƙasa, tambayar ita ce ta ina yake zurarewa, kuma sau da yawa amsar tana cikin ciki ko hanji. Hajiyarku ta gaya mini tun da ciwon bayan nan ya matsa maka kake shan diklofenak kamar gyaɗa, wani lokaci ma ba ka ci komai ba. Shi da ibuprofen suna cin bangon ciki, su jawo gyambo mai tsiyayar jini kaɗan kaɗan, ba ka gani. Tsutsar ciki ma tana yi, basir mai jini yana yi. Babban hanji kuma yana yi, kuma nan ne maganar Baffanku ta shigo.

Ban taɓa gaya muku wannan ba. Shekara guda kafin a gano ciwonsa, Baffanku ya kawo mini takardarsa har gida, yana kukan kasala. Na ga jininsa ya yi ƙasa, na ce masa ya sayi maganin ƙarin jini ya riƙa cin hanta da zogale. Ya sha, ya ji ƙarfi, muka yi murna. Ban tambaye shi kalar bayan gidansa ba, saboda wana ne, nauyinsa nake ji. Lokacin da aka zura abin dubawa a hanjinsa, abin ya riga ya kai hanta. Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Amma tambayar nan da ban yi ba tana nan tare da ni har yau. Kai ba zan ji nauyinka ba. Bayan gidanka ya taɓa yin baƙi kamar kwalta? Kana ganin jini? Yanayin fitarsa ya sauya, yau gudawa gobe ɗaurewa, har tsawon makonni? Wandonka ya fara yi maka yawa ba tare da ka rage ci ba? Kana tari da ya ƙi tafiya, ko zufa mai jiƙa riga da dare? Ba sai ka ba ni amsa ba. Likita za ka ba, kuma ka faɗa masa wan mahaifinka ya rasu da ciwon dajin hanji, ko bai tambaya ba.

Tunda na san ka riga ka ci karo da alƙaluman a intanet, gara ka ji su daga bakina. A 2017 masu bincike a Jami'ar Exeter ta Ingila sun bi bayanan dubban mutane 'yan shekara 40 zuwa sama waɗanda filatilet ɗinsu ya haura 400. A cikin shekara guda, an gano ciwon daji a jikin kusan maza 12 cikin 100, mata kuma 6 cikin 100. A waɗanda nasu ke daidai, maza kusan 4 ne, mata 2. Idan an sake gwaji cikin wata shida aka ga har yanzu yana sama, na maza yakan kai 18 cikin 100. Huhu da babban hanji ne suka fi yawa. Wannan binciken yana cikin abin da ya sa likitoci suka daina kawar da kai daga wannan layin na takarda, kuma sun yi daidai. Amma ka juya lissafin ka gani: ko a rukunin da ya fi haɗari, fiye da mutum 80 cikin 100 ba a same su da komai na daji ba. Kuma da yawa daga cikin mutanen nan sun girme ka nesa ba kusa ba, wasu sun shekara da shekaru suna shan taba, kai kuwa ban taɓa jin warinta a jikinka ba. Abin da lissafin ke cewa shi ne a bincika, kuma kada a ɗauki shekara ana jan ƙafa. A Amurka ma tun 2021 suka sauko da shekarun fara duba hanji daga 50 zuwa 45 ga kowa da kowa, ko mutum ba ya jin komai. Kai saura shekara guda ka kai, ga kuma dalili a hannu.

Akwai kuma 'yan kaɗan da matsalar daga ɓargon kansa take, yana ta haifar da ƙwayoyin ba wanda ya kira shi. Ana gane wannan ta gwajin ƙwayar halitta. A 2005 aka gano sauyin da ake kira JAK2, wanda ake samu a fiye da rabin masu wannan larurar, a 2013 kuma aka gano na CALR. Idan ka karanta za ka ga an jera ta a dangin ciwon daji na jini, sunan kawai ya isa ya hana mutum barci. Amma tafiyar hawainiya take yi, masu ita suna shekaru da dama suna harkokinsu, ana lura da su, ana ba su magani don kada jini ya yi guda. Ba da wannan gwajin ake farawa ba, yana da tsada, sai an kawar da sauran dalilai. Idan an kai nan, likitan jini za ka gani, akwai su a Babban Asibitin Ƙasa nan Abuja kusa da kai, akwai a Shika, akwai a Asibitin Malam Aminu Kano.

Yanzu maganar minshari, wadda kake so ka fake a bayanta.

Ka tuna da Babbar Sallah, da gida ya cika ka shimfiɗa katifa a soro? Na fito wajen ƙarfe uku zan yi alwala, tun daga tsakar gida nake jin ka kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Sai na ji ɗif. Na tsaya a bakin ƙofa da buta a hannu. Ƙirjinka yana ɗagawa yana faɗawa, amma babu iskar da ke wucewa. Carbi na hannuna, na fara ja, na kai ashirin da uku kafin ka yi wani irin gurnani, ka fizgi numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya, ka juya, ka ci gaba. Na ja kujera na zauna. Kafin in tashi ka yi haka sau bakwai, ban kuma kai rabin awa a wurin ba. Da safe ka fito kana dafe da kai, ka ce katifar ce ba daɗi. Ranar Juma'a kuma ina kallonka liman bai kai rabin huɗuba ba kanka ya fara lilo. Na so in yi maka magana, baƙi suka yi yawa, ka koma. Wannan ma laifina ne.

Mu Hausawa mun ɗauki minshari abin tsokana, ko alamar an ci an ƙoshi. Na wasu haka ne. Irin naka kuwa ciwo ne mai suna, ɗaukewar numfashi a cikin barci. Idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro da tushen harshe sukan saki, su faɗa baya su toshe hanyar iska. Iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe ka na ɗan lokacin da ba za ka tuna ba, zuciya ta buga da ƙarfi, jini ya hau, sannan ka koma, a sake. Likitoci suna ƙirga duk tsayawar da ta kai daƙiƙa 10. Sau 5 zuwa 15 a awa ƙarami ne, 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura 30 mai tsanani. Ka lissafa da abin da na gani a soro. Shi ya sa kake tashi da ciwon kai da bushewar baki, kake fita fitsari sau biyu sau uku, kake yin awa takwas a gado ka tashi kamar wanda ya yi dako. Ina kuma kyautata zaton shi ya sa hawan jininka ya ƙi jin magani guda.

To, yana da alaƙa da filatilet? Yana da ita, wanda ya rubuta abin da ka karanta bai yi ƙarya ba. Jikin da ake shaƙewa ana saki sau ɗari a dare yana zama cikin firgici, yana fitar da sinadaran kumburi, kuma irin waɗannan sinadaran suna cikin masu sa hanta ta ƙara wa ɓargo umarni. Sai dai abin da bincike ya fi tabbatarwa shi ne ƙwayoyin suna ƙara danƙo da saurin mannewa da juna, wanda yana cikin dalilan da ke sa masu wannan ciwon suka fi fuskantar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ƙaruwar yawansu kuwa, inda aka gan ta, 'yar kaɗan ce. A ganina minsharinka zai iya ƙara wani abu a kan lambar, amma ba zai iya ɗaukar nauyinta duka ba, kuma ba shi ya ƙanƙantar da jajayen ƙwayoyinka ba. Mai ƙarancin iska da dare ma jininsa ƙaruwa yakan so yi, naka kuwa raguwa ya yi. Idan ka rataya komai a wuyan minshari ka zauna, ka yi irin abin da na yi wa Baffanku da maganin ƙarin jini.

Amma kuma ka ji wannan da kyau. Tsakanin abubuwan biyu, wanda ya fi hana ni barci shi ne minsharin. Ciwon dajin da kake tsoro zato ne, mai yiwuwa ma babu shi. Wannan kuwa da kunnena na ji, da carbina na ƙirga. Kuma kai ne mai kama sitiyari daga Abuja zuwa Kaduna bayan la'asar, da yara a baya. Matarka ta gaya wa Hajiyarku cewa ran nan a cunkoson Mararraba sai da na bayanka ya danna maka oda ka farka. Kada ka yi mata faɗa, ta kyauta, Allah Ya yi mata albarka. Gyangyaɗin daƙiƙa uku a kan babbar hanya ba ya jiran sakamakon gwaji. Har sai an duba ka, ban yarda ka yi doguwar tafiya kai ke tuƙi ba. Ka hau jirgin ƙasa, ko ka nemi direba. Goro da kofi ba sa biyan bashin barci.

Maganinsa kuma yana nan. Ana yin gwajin barci, a manna maka wayoyi ka kwana, ko a ba ka ƙaramar na'ura ka tafi da ita gida, ana yi a Abuja da Legas. Kafin nan, ka ce wa matarka ta ɗauke ka a waya na minti goma kana barci, da sauti, ka nuna wa likita, ya fi dogon bayani. Ka ari tef ɗin tela ka auna wuyanka, idan ya haura santimita 40 ka faɗa masa. Idan abin ya tabbata, akwai na'urar da ake kira CPAP, wadda wani likita ɗan Ostareliya, Colin Sullivan, ya fito da ita a 1981. Iska take hurawa a hankali ta hanci, ta riƙe maƙogwaro a buɗe har safe. Makon farko za ka ji kamar an sa maka takunkumi, yara za su yi dariya, ka daure. Tana son wuta duk dare, to solar da ka sa don kallon ƙwallo ta sami aikin yi. Ka rage tumbin nan, ko kilo biyar zuwa goma ka sauke za ka ji bambanci. Tuwon ƙarfe goma na dare da lemon kwalba a bar su. Ka riƙa kwanciya ta gefe, dama kwanciyar dama ita ce sunna, rigingine ne ke sa harshe ya faɗa baya. Maganin barci kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, ƙara sakin maƙogwaron yake yi.

Abubuwa biyu nake roƙonka kada ka yi da kanka. Kada ka fara shan asfirin don wani ya ce yana tsinka jini. Idan akwai gyambo a cikinka, ka ƙara masa wuta ke nan. Kada kuma ka fara maganin ƙarin jini kafin a auna ajiyar ƙarfen jikinka, gwajin da ake kira feritin, domin zai gyara takarda ya rufe sawun ɓarawo. Ka ce a haɗa da gwajin kumburi, CRP ko ESR, saboda kumburi yakan ɗaga feritin ya ɓoye ƙarancin. A duba bayan gida, a ɗauki hoton ƙirji. Idan ƙarfen ya yi ƙasa, ka yarda a duba ciki da hanji da na'ura, ba abin kunya ba ne, kuma ana ba da abin da zai sa ba za ka ji ba. Diklofenak ɗin nan ka ajiye shi daga yau, ka tambayi likita abin da za ka sha a madadinsa. Masu tallan maganin wankin jini a mota da lasifika, ka ba su hanya su wuce. Idan kuwa, Allah Ya kiyaye, ka ji ciwon ƙirji, ko hannu ko ƙafa ta yi nauyi, ko baki ya karkace, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko ka ga baƙin bayan gida, wannan ba na jiran Litinin ba ne, a tafi asibiti a lokacin.

Ka tattara takardun nan uku a jere da kwanan watansu, ka kai wa likita ɗaya, ka tsaya a kansa. Yawon asibiti uku da gwaji a wurare daban daban yana rikita lissafi, don injin wani wuri ba ya faɗin daidai abin da na wani wurin zai faɗa. Ni aikina ƙirga ne, hukunci na likitan da ya taɓa cikinka ne. Addu'a muna yi, Hajiyarku ta sa an yi sauka, ban gaya mata komai ba sai cewa jininka ya ɗan yi ƙasa. Ka kira ta gobe ka yi mata hira, muryarka take so ta ji.

Ranar Litinin in Allah Ya kai mu ina jiran hoton katin ganin likita. Idan ban gani ba, Talata zan shigo motar farko, ka san ni. Ka gaishe mini da ɗiyata, ka shafa kan yara, ka ce wa mai sunan Hajiya ban manta da alkawarin 'yar akuyarta ba. Allah Ya ba ka lafiya, Ya yi maka albarka, Ya sa mu ji alheri.

Wassalam,
Mahaifinka.